Siebren da Agogo Mai Tsari Casa'in da Tara

Ni dai har gobe idan na ga agogon wasan ces mai lamba sai raina ya ɓaci, kuma duk Siebren Talsma ne ya ja min. Maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba lambunmu, ajinmu ɗaya tun firamare, don haka kada wani ya ce ƙage nake masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, zaune a bayan gilashi, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse lokacin ƙasar nan gaba ɗaya a aljihunsa yake. "A zamanina," in ji shi, "ba jirgin da ya taɓa makara ta dalilina." Gaskiya ya faɗa kuwa, don ba wanda ya taɓa ba shi jirgi ya tuƙa.

Ƙungiyarmu ta ces, wato darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da doki, a ƙauyen Skarnum ta shekara tamanin da bakwai. Kakana na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma allon da ke rataye a ƙofar zauren ƙauye, mai hoton baƙin doki, shi ya zana shi da hannunsa. Sai dai a bara mun ragu mun koma mutum goma sha ɗaya, ƙaraminmu yana da shekara hamsin da takwas. Mutanen Boltum, ƙauyen da ke tsallaken gada, sun daɗe suna mana tayin mu haɗe, mu riƙa zuwa zaurensu, suna kuma ya zama nasu. A babban taron shekara aka ta da maganar. Ana cikin ja-in-ja sai Siebren ya miƙe ya daki tebur.

"Aukje, ke ce sakatariya, rubuta," ya ce min. "Ranar da Skarnum ta faɗo daga rukunin gasar da take, ranar mu kwashe kayanmu mu tafi Boltum. Amma muddin ni ke buga mana wasa a allo na huɗu, wannan rana ba za ta zo ba."

Aka ɗaga hannu, aka amince, ni kuma na rubuta. Mu nan abin da ya shiga littafin taro ya zauna ke nan, ko wanda ya faɗa ya yi nadama.

Kafin sanyi ya wuce mun sha kashi sau biyar. Siebren shi kaɗai an doke shi sau huɗu a ciki, kowanne da dalilinsa: wancan fitila ce ta yi masa haske da yawa, wancan abokin karawar ne yake numfashi da ƙarfi. Ya rage wasa ɗaya, a zaurenmu, kuma da Boltum ɗin. In mun ci mun tsira, in ba mu ci ba mun tafi.

Ana nan sai ga takarda daga hukumar ces ta yanki, wai an daina karɓar agogon da ake murɗa wa wani a gasa, dole sai mai lamba, saboda yanzu kowane motsi ana ƙara wa mutum daƙiƙa talatin. Namu tsofaffi ne na katako masu fuska biyu. Ka yi motsi ka danna maɓallin ɓangarenka, naka ya tsaya, na abokin karawarka ya kama tafiya. Lokacinka ya ƙare, 'yar jar tuta ta faɗi, ka sha kashi ko da kuwa saura ƙiris ka kama sarkinsa. Ƙas-ƙas ɗinsu kuwa tun daga bakin ƙofa ake ji.

Makullin kabad ɗin kayan wasa shekara ashirin da biyu yana hannun Siebren, a maƙale da bel ɗinsa, har coci da shi yake zuwa. Saboda haka da muka zauna zaɓen sabon agogo bai ga dalilin da wani zai buɗe baki ba. Ni dai na zo da hoton wanda alƙalan wasa suke amfani da shi ko'ina: lambobinsa manya, maɓalli uku, da sanda a sama da ake dannawa ta ce ƙwas.

Ya kalli hoton a wulaƙance. "Wannan ai na yara ne, maƙwabciya. Na dafa ƙwai."

Ya zaro wata mujalla mai sheƙi ya shimfiɗa. Agogo ne baƙi, siriri, kamar wayar hannu da aka kwantar. Ba sanda, ba maɓalli. Shafa shi ake yi.

"Tsari casa'in da tara," ya ce, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. "Casa'in da tara. Mutanen Boltum suna ganinsa gwiwarsu za ta yi sanyi."

Hidde mai gidan burodi ya ce, "Mu da tsari ɗaya muke bukata, Siebren."

"Kai burodi iri nawa kake gasawa?"

"Bakwai."

"Duk bakwai ɗin kake ci a zama ɗaya?"

"A'a."

"To ka gani."

Hidde ya bar zancen. Ba wai ya gamsu ba ne, ɓacewa ya yi a hanya, kuma haka Siebren yake cin duk wata gardama.

Na ce, "Lambobin sun yi ƙanana."

"Ga masu raunin ido," ya ce. "Ni daga nan ina karanta agogon hasumiyar coci."

Nan fa na ciji leɓe. Shekara ashirin da shida na yi ina aiki a shagon tabarau a cikin gari. Shekara uku da suka wuce, wata Laraba, Siebren ya shigo shagon ya ɗage kwalar riga har kunne kamar wanda ya zo sayen haram. Aka auna shi, aka ga abin da ke kusa da shi sam ba ya gani sai dishi-dishi. Ya karɓi tabaransa ya sa ni na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Tun daga ranar tabaran suna aljihun cikin kwat ɗinsa, ban taɓa ganinsu a fuskarsa ba. 'Ya'yan ces na kan allo manya ne, da siffa yake gane su. Tsohon agogo kuwa kunne yake sa masa, in ya ji ƙas-ƙas a ɓangarensa ya san lokacinsa ke tafiya.

Aka jefa ƙuri'a ya ci, don mutane sun gaji kuma kofi ya fara hucewa.

Agogo takwas suka iso cikin kwali, kowanne da littafin bayaninsa mai kauri. Siebren ya tattara littattafan ya zuba a kwandon tsofaffin takardu.

"Ni za a koya wa agogo?" ya ce.

Kashegari kuma ya loda tsofaffin agogunan a bayan kekensa ya kai shagon gwanjo, wai don kada masu raunin zuciya su ce a koma baya. Ni kuwa da ya juya na sa hannu a kwandon na ciro littafi ɗaya na jefa a jaka.

Asabar da rana muka taru gwaji. Siebren ya bi tebur-tebur yana saita agogo. Sai ya ɗaga shi, ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya kanne ido, ya yi ta shafawa.

"Me kake nisanta shi haka?" in ji Hidde.

"Ina duba ko a miƙe yake. Kai dai ka san gari da yisti, bar wannan."

Aka fara. Ba a yi minti goma ba tsoho Lolke, shugabanmu, mai shekara tamanin da huɗu, ya ɗaga hannu.

"Siebren, na fara da awa ɗaya da rabi, yanzu ina da awa ɗaya da minti arba'in. Ƙaruwa yake yi. In akwai irinsa na rayuwa a saya min."

A tebur na biyu duk abin da ya ragu a lokacin mutum ɗaya sai ya koma na ɗayan, 'yan'uwa biyu suna ta miƙa wa juna minti goma ɗin nan kamar kwanon gishiri. Na uku kuma duk daƙiƙa goma sai ya yi ƙara irin ta babbar mota mai ja da baya, har karen mai gadin zaure ya kama haushi. Nawa ne ya fi ban tsoro. Ina cikin tunani sai muryar wata mata ta fito daga cikinsa tana ƙirga da wani harshe da ba wanda ya taɓa ji a Skarnum. Na zabura har dokina ya faɗi ƙasa.

"Tsarin Japan ne," in ji Siebren, ko a jikinsa. "Ku da ba ku yi tafiye-tafiye ba dole ku tsorata."

Matarsa Renske, wadda ke raba mana kofi da biskit ɗai-ɗai, ta ce, "Kai ina ka je, Siebren? Iyakarmu gidan ƙanwata, kuma har a can sai da ka ɓata."

"Renske, ana aiki."

Ban da wannan, kowane agogo yana da 'yar fitila da ke kamawa a ɓangaren wanda lokacinsa ke tafiya, ja da kore, tana walƙiya. Hidde ya duba zauren ya ce saura tauraro a sama mu fara waƙar Kirsimeti. Aka kwashe da dariya, har Lolke ya ƙware. Abin ya yi wa Siebren ciwo. Ya ɗebe agogunan ya tafi da su gida, ya buɗe cikinsu da sukuddireba ya tsinke wayar sauti a duk takwas ɗin, sannan ya liƙe fitilun da baƙin salatif. Litinin da safe ya leƙo ta kan shinge ina shanya.

"Na gyara kuskuren kamfani," ya ce. "Yanzu shiru suke kamar kabari. Zan rubuta musu wasiƙa su koya."

"Siebren, na karanta littafin. A shafin farko ya ce..."

"Ni za ki karanta wa littafi?"

"To ka sa tabaranka ranar Asabar. Ba don ni ba, don ƙungiya."

Ya waiga hagu da dama kamar wani ya ji mu. "Waɗanne tabarau?" ya ce, ya shige gida.

Akwai wata ɗabi'a tasa da kowa ya sani daga nan har bakin teku. Duk ranar da Allah ya ba shi sa'a ya ci sarauniyar mutum, wanda bai fi sau ɗaya ko biyu a shekara ba, ba ya danna agogo da yatsa. Sarauniyar yake ɗagawa sama kowa ya gani, sannan ya ƙwala ta a kan maɓalli. Shekara arba'in yana wannan, don kawai ya ƙona ran wanda ya ci.

Ranar Asabar mutanen Boltum takwas suka iso a kan kekuna, iska ta jajanta musu fuska. A gabansu Gerben Wynia, tsohon manomin shanu mai shekara saba'in da tara, wanda in ka gaishe shi da safe sai ka kai bakin gada kafin ya amsa. Shi ne zai kara da Siebren. Mutanen ƙauye wajen arba'in suka cika zaure, har waɗanda ba su san doki daga soja ba, don kowa ya san abin da aka rubuta a littafin taro.

Alƙaliyar wasa, Madam Feenstra, ta zo daga gari, 'yar gajeruwa, ba ta dariya. Ta ɗauki agogo ɗaya ta juya shi, ta kalli salatif, ta kalli Siebren.

"Wane ne ya yi wa wannan fiɗa?"

"Ni na inganta shi, Madam. In kina so in nuna miki yadda ake..."

"Akwai littafinsa?"

Na miƙa mata nawa, da tabon kofi a bangonsa. Cikin minti huɗu ta saita duk takwas ɗin. Ashe tsarin da muke bukata shi ne na ɗaya, wanda agogon ke kawowa da kansa da zarar an kunna shi.

Siebren ya ga an ƙwace masa fage, sai ya nemi wani. Ya manna takardu a bango an rubuta SHIRU da manyan baƙaƙe, sannan ya tsaya a tsakiyar zaure.

"Madam, ina so ki faɗa da bakinki kowa ya ji. Na san halin mutanen Boltum da tari da ƙifta ido. Duk ɗan kallon da ya yi wa mai wasa magana ko alama, me doka ta ce?"

"Za a fitar da shi, kuma zan iya ba ɗaya ɓangaren wasan."

"Ba maganar 'zan iya' ba ce. Za ki bayar. Ki yi alkawari."

"To, na yi, Mista Talsma. A kan kowa."

"A kan kowa," ya maimaita, yana harar Gerben, wanda a lokacin yake fama da maɓallin rigarsa.

Sai ya hango ta taga cewa kekunan Boltum sun tare wurin da yake ajiye nasa, ya fita a fusace ya gyara musu zama. Yana waje Madam Feenstra ta yi sanarwa: wannan agogon fatar yatsa kaɗai yake ji, kowa ya shafa da yatsa, kuma ya duba ya tabbata ya juya. Kowa ya gyaɗa kai. Siebren ya dawo yana kaɗe hannu, aka fara wasa.

Hidde ne ya fara gamawa, ya sha kashi cikin awa ɗaya. Ya zo ya tsaya kallo a bayan Gerben, garin burodin da ke maƙogwaronsa shekara talatin ya motsa, ya yi tari sau biyu. Siebren ya ɗaga hannu.

"Madam, alama."

"Ɗan ƙungiyarku ne fa," ta ce a hankali.

"Doka ba ta san ɗan'uwa ba."

Aka fitar da Hidde. Ya zagaya ya liƙa fuska a gilashin taga, yana faɗin abubuwan da na gode wa Allah gilashin mai kauri ne.

Ni na ci nawa a allo na shida. Lolke ya yi canjaras. Wajen ƙarfe uku da rabi wasa bakwai sun ƙare: uku namu, uku nasu, ɗaya canjaras. Ya rage allo na huɗu. Duk zaure ya dawo ya kewaye Siebren da Gerben, ana leƙe ta kan kafaɗar juna.

Sai abin mamaki ya faru. Gerben ya ajiye sarauniyarsa a inda dokin Siebren zai same ta. Kuskure ne tsagwaronsa, irin wanda tsufa ke jawowa. Na ce a raina, kaka, mun tsira.

Siebren ya ga abin. Ya gyara kwala. Ya ɗauki doki da yatsa biyu kamar mai shan shayi a fada, ya ture sarauniyar, ya ɗaga ta sama ya juya ta hagu da dama, sannan ya ƙwala gindinta a kan agogo. Ya ajiye ta, ya rungume hannu.

Agogon ko gezau bai yi ba, don katako ne ya taɓa shi. Ina tsaye daidai gabansa, ina ganin lambobin ɓangaren Siebren: minti arba'in da ɗaya, suna ci gaba da sauka.

Gerben ya kalli allo. Ya kalli agogo. Ya ɗan jima yana kallonsa. Sannan a hankali ya dafe kai da hannu biyu kamar wanda duniya ta yi wa zafi, ya zauna haka.

A ces ba mai ikon gaya wa mutum cewa bai danna agogonsa ba, ko alƙali. In da wata ranar ce, wani zai yi gyaran murya a wuce wurin. Amma yau Siebren da bakinsa ya sa an yi alkawari. In mun yi magana an ba Boltum wasan, in mun yi shiru lokaci ya ba su. Abin da ya rage kawai shi ne mutumin nan ya duba agogon da shi ya zaɓa.

Ya duba kuwa. Ya kanne ido ya ga wani abu yana motsi dishi-dishi, ba ƙas-ƙas, ba fitila, sai ya yi murmushi ya miƙe. Ya fara zagaya zaure hannu a baya, yana gyaɗa wa mutane kai kamar ango. Ya tsaya gaban hoton waɗanda suka kafa ƙungiya ya ɗan rusuna musu. Da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi.

Saura minti talatin. Renske ta kawo masa kofi ta ajiye kofin daf da agogo, har yana taɓa shi. Ya ɗauke ya mayar gefe, ya yi mata nuni da takardar SHIRU. Ta tsaya a gabansa ta cire tabaranta ta fara gogewa da gefen riga, tana kallonsa ido cikin ido. Lolke ya cire nasa shi ma. Kafin ka ce me, mutum wajen ashirin suna goge tabarau a zaure ɗaya.

Madam Feenstra ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Wanda ya sake taɓa tabarau zai bi mai burodi."

Saura minti ashirin. Hidde a waje ya gane abin da ake ciki. Ya kama tsalle yana nuna wuyan hannunsa, yana dukan iska da yatsa. Siebren ya je taga ya kalle shi da tausayi, ya ɗaga masa babban yatsa alamar na yafe maka, sannan ya ja labule.

Ƙararrawar coci ta buga huɗu. Siebren ya karkata kai ya saurara, ya matso kusa da ni ya raɗa min, "Ta makara da minti ɗaya. Zan yi wa fasto magana."

Na kafe agogon da ido har hawaye suka taru min, ko zai bi idona. Ya dafa kafaɗata.

"Kada ki yi kuka, maƙwabciya. Na gaya miki muddin ina allo na huɗu."

Saura minti takwas ya koma ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya kalli Gerben, wanda har yanzu kansa ke cikin hannuwansa, ya girgiza kai. Ya yafito alƙaliya.

"Madam, bawan Allahn nan lokacinsa ya kusa, ko? Tausayi yake ba ni."

"Ba ni da izinin cewa komai, Mista Talsma."

"Daidai ne. Haka nake son alƙali."

Minti na ƙarshe ba wanda ya yi numfashi. Renske ta juya baya ta fuskanci bango. Ni na ƙirga tare da lambobin, goma, tara, takwas. Suka koma sifili.

Gerben ya ɗago kai, ya miƙa yatsa ɗaya mai kauri ya nuna.

"Siebren, lokacinka ya cika."

Siebren ya yi dariya. "Naka dai, tsoho. Zafin rashin sarauniya ne."

"Naka ne, Mista Talsma," in ji Madam Feenstra. "Boltum ta ci, huɗu da rabi da uku da rabi."

Ya fizgi agogon ya miƙe hannu iya tsawonsa. Ya kanne ido. Ya ƙara nisanta shi har ya kusa dungure wa Gerben hanci. Sannan, a gaban duk Skarnum, ya sa hannu a aljihun cikin kwat ya zaro tabarau ya ɗora a fuska. Ya daɗe yana kallo.

"Ya lalace," ya ce. "Na danna shi. Kowa ya ga na danna shi."

Madam Feenstra ba ta yi gardama ba. Ta sake saita agogon, ta ɗauki sarauniyar ta ƙwala, bai motsa ba. Ta shafa da ɗan yatsa, nan take ya juya. Ta buɗe littafin ta miƙa masa.

"Shafin farko. Tunda yanzu kana gani."

"Tabaran aro ne," ya ce da sauri. "Na wani ne."

"Haba Siebren," in ji Renske daga bango. "Shekara uku duk Lahadi ina goge su in mayar maka aljihu."

Hidde, wanda ya shigo ba wanda ya hana shi, ya ce, "Wa bai sani ba? Kullum sai ka nuna burodin zabibi ka ce a ba ka wancan mai ƙudaje."

Ashe duk ƙauyen sun sani. Ni kaɗai ce sakarar da ta riƙe masa sirri shekara uku, har ya ci mana ƙungiya. Wannan ya fi komai ƙona min rai, kuma har yau ban huce ba.

Lolke ya ja kujera ya zauna kusa da Gerben. Shekara sittin suna karawa, ba gaba a tsakaninsu.

"Gerben, tsakaninka da Allah, minti arba'in da ɗaya ba sarauniya. Me kake tunani?"

Gerben ya ɗauki lokaci kamar yadda ya saba. Ya kurɓi kofin da Renske ta kawo wa mijinta, wanda ya riga ya huce.

"Kujerunku nake ƙirgawa," ya ce. "Namu ba za su ishe mu duka ba. Ashirin da huɗu ne, ɗaya ƙafarta na rawa." Ya juya ya dubi Siebren. "Kai ne mai makulli, kuma an ce ka san lokaci. A kawo su Asabar ƙarfe biyu."

Ni na sauke allon baƙin dokin da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Yana nan a ɗakin ajiyar kekuna na, na juya fuskarsa bango don ba na iya kallonsa.

Yanzu duk Asabar muna tsallaka gada, iska na dukanmu. Agogon da suke amfani da shi a Boltum shi ne dai wanda na kawo hotonsa, mai manyan lambobi da sanda mai cewa ƙwas. Siebren ba ya cikin takwas ɗin da ke buga gasa, shi ke jera kujeru. Makon jiya ina rataye kwat na jiyo shi, tabarau a kan hanci, ya tare wani sabon mamba yana bubbuga agogon da yatsa.

"Ka ga wannan? Tun farko shi na ce a saya. Ba su ji ba."